Ƙwayar Makango da Na Kashe da Ruwan Asibiti

Akwai wata safiyar Litinin da ta ƙi fita daga raina, ranar da Dakta Fusaina ta dawo daga hutun haihuwa, ta ɗaga wani farantin shuka ƙwayoyi a ɗakin gwajinmu na Salaga, ta kalli bayansa ta ajiye. Tun da kuka ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun aikina, wannan zan ba ku, duk da cewa ba ni ne gwarzon cikinsa ba.

Ni Saidu ne, haifaffen Salaga, jikan fataken goro. Na fara aikin lab a wani asibiti a Bawku ina saurayi, aka mayar da ni Yendi, a can na kai matsayin babban ma'aikacin lab, wato wanda duk sakamakon gwaji sai ya bi ta hannunsa kafin ya isa ga likita. Nas-nas suna kirana Baba Tsabta, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. Asibiti ya dasa mini ɗabi'u biyu a hannu. Ta farko, duk ƙwayar da za ka wanke, da ruwan gishirin asibiti za ka wanke ta, irin wanda ake ƙara wa majinyaci a jijiya. Ta biyu, farantin da ka gama da shi ba ya kwana a kan tebur, tukunyar tururi mai kashe ƙwaya ce makomarsa nan take. Waɗannan biyun sun kare ni da mutanena daga cuta tsawon shekaru, shi ya sa ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansu ba.

Ana saura 'yan shekaru in yi ritaya sai wata jami'a ta buɗe ƙaramin ɗakin bincike a Salaga don nazarin adana kifi da doya. Na nemi a mayar da ni gida, aka yarda. A can na tarar da shugabata, Dakta Fusaina, 'yar Yendi, Badagomba, wadda ba ta kai babbar 'yata a shekaru ba. An ɗauke ta aikin shekara uku, da sharaɗin cewa in ta fitar da bincike mai nauyi za a tabbatar da ita, in ba haka ba ta nemi wani wuri. Da farko na raina ta, ba zan ɓoye muku ba. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, ni kuwa ina ta gyara mata kamar wani ya sa ni. Ita kuma kowace safiya sai ta rusuna ta ce mini "Dasiba, Baba," wato ina kwana da yarensu, sannan ta sa rigar aiki ta gaya mini abin da zan yi.

Abin da ya kai ta Makango, wani gari a bakin tafki kusa da Salaga, kifi ne. Kun san kobi, kifin da ake cusa wa gishiri a shanya. Wata dattijuwa mai wannan sana'a a bakin tafki, Mma Azara, ta kawo ƙarar cewa kifin da take yi a wani tsohon kwarami na katako yana yin ja-ja, masu saye suna ƙinsa. A asibiti an koya mana cewa gishiri yana kashe ƙwaya. Dakta ce ta fara nuna mini cewa akwai wasu halittu da gishirin ne gidansu. Ruwan asibiti giram tara ne na gishiri a lita ɗaya. Abincin da muke dafa wa waɗannan kuwa sai mun zuba fiye da giram ɗari biyu a lita, har cokali ya riƙa ƙara a gindin tukunya. In ka sa yawancinsu a ruwa mai ƙarancin gishiri, fashewa suke yi.

Daga gishirin kwaramin nan muka shuka faranti da yawa. Jajayen ɗigo suka fito, muka ware su ɗaya-ɗaya, muka ba kowanne lamba. Yawancinsu cikin kwana biyar ko shida suke cika faranti. Ta goma sha huɗu ce mai nawa, sai ta yi sati uku kafin ta nuna kanta, ɗan ɗigo kamar kan allura. Da aka aika wani ɗan yanki na tsarin gadonta aka karanta, sai aka ga bai yi daidai da na kowace halitta mai suna ba. Ranar Dakta ta sayo mana wake da shinkafa, ta ce in Allah ya yarda sunan Makango zai shiga littafin duniya.

Ni na ɗauka magana ta ƙare, ka ga abu sabo, ka raɗa masa suna. Ashe nan aikin ya fara. Akwai kundin ƙa'ida da masana ƙwayoyin halitta na duniya suka yarda da shi. Suna kalma biyu ne, cikin siffar Latin, ta farko ta dangin da halittar ta fito, ta biyu tata ta kanta. Wanda ya riga fitar da suna bisa ƙa'ida, nasa ne yake tsayawa. Mutum ba ya sa wa halitta sunan kansa, shi ya sa ta zaɓi sunan gari. Su kuma masu son gishiri, masanansu sun tsara jerin gwajin da dole a yi kafin a saurare ka: mafi ƙarancin gishirin da take rayuwa a ciki da mafi yawa, zafin da take so, launinta, siffarta a madubin ƙara girma, abin da take ci, irin kitsen da ke jikin fatarta, da ko tana fashewa a ruwan daɗi. Shekara biyu muka yi a kan wannan jeri. Kowane gwaji sai an jira sati uku, a maimaita, a sake jira.

Babbar ƙa'idar kuwa ita ce wannan. Dole ka kai halittar da ranta wuraren ajiya guda biyu a ƙasashe biyu daban, su raya ta, su ba ka takardar shaida cewa duk mai bincike da ya nema za a ba shi. Wannan da aka ajiye ita ce ma'auni, sunan a jikinta yake rataye. Ba 'yar'uwarta ba, ba mai kama da ita ba, ita ɗin da aka yi wa gwajin.

Na taɓa ce mata, "Dakta, wa zai taso daga wata ƙasa ya ce sai ya ga ƙwayar kifin Mma Azara?"

Ta ce, "Wataƙila ba a haife shi ba tukuna, Baba. Amma in ya zo, ya samu abin da muka ce."

A shekarun nan wuta tana yawan ɗaukewa, abin da muke kira dumso. Firizar da muke daskarar da ajiya a ciki ta ƙone, duk abin da ke ciki ya lalace, aka yi ta rubuta takardar gyara ba amsa. Sai ya zamana Sha Huɗu ba ta da rai a ko'ina a duniya sai a faranti shida cikin akwatin ɗuminmu, ana sake shuka ta lokaci-lokaci. A haka cikin Dakta ya tsufa, ta tafi Yendi wurin mahaifiyarta hutun wata uku. Abu biyu kawai suka rage a aikin, karanta cikakken tsarin gado da takardun shaida biyu, kuma dukansu suna jiran izinin hukuma na fitar da samfur waje. Ta danƙa mini mabuɗi ta ce, "Baba, ga shi a hannunka." Na ce ta tafi ta haihu lafiya, ni ban taɓa ɓatar da samfur ba a rayuwata.

Wata guda da tafiyarta izini ya fito. Ta bugo mini waya ranar Juma'a da safe, ta ce motar jami'a za ta zo Litinin, in shirya kwalabe. Na so in burge. Na ce bari in cika kwalaben sosai kada mutanen waje su ce mun yi rowa, sai na kankare faranti shidan gaba ɗaya na tara a kwalba guda. Ina gamawa na kwashe farantan na zuba a tukunyar tururi na kunna, kamar yadda na saba. Na sa kwalbar a injin juyawa, ƙwayar ta kwanta a ƙasa, ja mai kyau. Saura wanki. Na duba kwalbar ruwan gishirinmu mai kauri, na ga ta kusa ƙarewa, bakinta ya yi ɓawo. Lokacin masallaci yana matsowa. Hannuna ya miƙa kan kantar kwalabe ya ɗauko ruwan asibiti, na zuba, na girgiza.

Ina kallo jan nan ya narke. Ruwan da ya kamata ya yi duhu ya washe, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Na ruga wurin tukunya, na tarar tana ta huci, na kashe na buɗe da tsumma, farantan duk sun narke sun haɗe. Na zauna a kan kujera. Ranar na je Juma'a, amma ban san me liman ya ce ba.

Kisan kuskure ne, kuma kowane mai aikin lab yana da nasa. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Litinin na gaya wa direba samfur bai nuna ba. Na bugo wa Dakta na ce tsiron ya yi rauni, a ƙara masa lokaci, ita kuma ta yi mini godiya da na lura. Na shuka yauƙin nan a faranti ashirin ina fata ko ɗaya ta tsira, na jira sati uku, babu ko ɗigo. Duk wannan lokacin bakina a rufe, saboda Baba Tsabta ba zai iya gaya wa yarinya mai jego cewa ya yi abin da ɗan koyo ba zai yi ba.

Sai a lokacin na hau mota zuwa Makango. Damina ce, hanya duk taɓo. Na tarar da Mma Azara a rumfarta kusa da inda jirgin ruwan da ke zuwa Yeji yake tsayawa, na tambaye ta kwaramin.

Ta ce, "Kai, Baba Likita, ka yi latti. Sati da ya wuce na fasa shi na yi wuta. Gishiri na Daboya ne a ciki, ya ƙare. Yanzu na buhu nake saye, na bakin teku."

Na ce ko ɗan guntu bai rage ba? Ta ce ruwan sama ya wanke wurin. Da na zo tun ranar da abin ya faru, da na tarar da kwaramin da gishirinsa. Na san haka tun ina tsaye a gabanta, amma duk da haka na karɓi kifi biyu masu ɗan ja daga sabon gishirin na dawo da su.

Na shuka, jajayen ɗigo suka fito. Na zaɓi wanda launinsa ya fi kusa, na duba a madubi na ga 'yan sanduna kamar na Sha Huɗu. Na yi ta tace shi har ya tsarkaka. Na gaya wa kaina kifi ɗaya ne, mace ɗaya ce, bakin ruwa ɗaya ne. Na ɗauki alƙalami na rubuta sha huɗu a bayan faranti shida. A ƙarƙashin lambar kuma na rubuta ranar da na shuka, domin hannuna bai iya barin faranti ba kwanan wata ba, kuma bai zo mini a rai in canza shi ba.

Ranar Litinin ɗin da hutun ya ƙare Dakta ta zo da jaririnta da ƙanwarta mai riƙon sa, ta bar su a inuwar dalbejiya. Ta rusuna ta gaishe ni, na yi mata barka. Ko jaka ba ta ajiye ba ta buɗe akwatin ɗumi. Ta ɗaga faranti, ya cika da ja har gefe. Ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo, ta ajiye.

"Baba, yaushe ka shuka wannan?"

Na ce, "Ga shi nan a rubuce, Laraba."

"Laraba da ya wuce? Kwana biyar ke nan. Sha Huɗu bai taɓa nuna fuska kafin sati uku ba."

Na ce mai yiwuwa ta saba da abincin ne. Ta dube ni, ni kuma na dubi tebur.

Ta ce, "Ka girmi babana, ba zan ce ka yi ƙarya ba. Zan fita in ba yaro nono. In na dawo ka gaya mini wane ne wannan."

Da ta dawo na gaya mata komai, har da kwaramin da sati ukun da na yi shiru. Ba ta ɗaga murya ba. Tambayoyi ta yi, wace kwalba, minti nawa, ko akwai tsohon faranti da ya faɗa bayan akwati. Muka duba tare, babu, domin ni ba na barin komai a bayan akwati. Sannan ta zauna ta ɗora goshinta a kan tebur, na ga kafaɗunta suna rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tsoro da kunya suka sa na sake buɗe baki. Na ce, "Dakta, saura wata biyar wa'adinki ya cika. Wannan ma daga kifin Mma Azara take. A aika da ita mana, wa zai sani?"

Ta ɗago ta share ido. Ta ce, "Masu ajiya za su karanta shi, wataƙila su kama. Ba wannan nake tsoro ba. Ina tsoron kada su ƙi kamawa. Sai takarda ya ce abu kaza, kwalba ya ba da wani abu, kuma mutum ya ɓata shekarunsa yana neman inda shi ya yi kuskure."

Sai ta miƙo mini alƙalami. Ta ce in ja layi ɗaya a kan sha huɗu a kowane faranti, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, in rubuta sabuwar lamba a gefe. Ta buɗe littafin lab ta ce in rubuta abin da ya faru da hannuna, daga ruwan asibiti har zuwa kifi biyu, in sa hannu. Na rubuta. Ta karanta, ta sa nata hannun a ƙarƙashin nawa. A ranar ta rubuta wa wuraren ajiyar biyu cewa samfurin da suke jira ya mutu, ta janye buƙatarta.

Bayan sati guda Farfesa, shugaban sashe, ya zo daga jami'a ransa a ɓace. Ta ajiye masa littafin a buɗe, ba ta ɓoye ko layi ɗaya ba. Ya ce a sallame ni. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ce masa ita ce ta bar halitta a wuri guda ba ajiya ta biyu, kuma ta tafi ba ta rubuta matakan wankin ta manna a bango ba, don haka mutuwar a kanta take. Ta ce musanyar laifina ne, kuma na rubuta shi da hannuna, a hukunta ni a kan wannan kaɗai. Aka ba ni takardar gargaɗi, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a fayil ɗina. Na ci gaba da aiki.

Ita kuwa ba ta ci gaba ba. Mun je Daboya mun kawo gishiri, mun shuka, mun jira, ba mu ga mai kama da Sha Huɗu ba. Ko da mun gani ma, ta ce sabuwar lamba za a ba ta, a fara gwaji daga shafin farko. Wadda na musanya da ita, da aka karanta, sai ta zama sananniyar halitta da aka raɗa wa suna tun ba a haife mu ba. Wa'adi ya cika babu takarda, ba a tabbatar da ita ba. Ta kwashe littattafanta ta samu koyarwa a wata kwaleji wajen Navrongo, inda babu akwatin ɗumi ko ɗaya.

Kafin ta tafi na ɗauki matata muka je gidanta neman gafara. Da na yi niyyar durƙusawa sai ta riga ni kaiwa ƙasa, ta ce kada in ja mata abin faɗa. Ta ce ta yafe tun ranar. Na ce to me ya sa ba ta yi abin da na ce ba, ko don yaron da ke bayanta? Ta ce masu aikin nan ba su da yawa a duniya, yawancinsu ba za su taɓa ganin juna ba, kuma abin da ya haɗa su kawai shi ne in ɗaya ya rubuta lamba a kwalba, ɗayan ya yarda.

Na yi aiki da likitoci masu suna da manyan turawa masu kawo ziyara, amma ban ga wanda ya riƙe ƙa'ida a ranar da ƙa'idar take cin sa kamar wannan yarinya ba, kuma ina faɗin haka da dukan zuciyata. A da ina ganin dokokin raɗa suna iyayi ne na masu boko. Yanzu na san mutanen da suka rubuta su sun san halin irina ne, mutumin kirki mai tsabta wanda kunya za ta iya sa shi ya rubuta tsohuwar lamba a sabon faranti.

Ku da kuke farawa, hannunku zai saba da abubuwa, kuma wata rana sabon zai kashe muku samfur. In hakan ta faru, ku ɗaga waya a ranar, kada ku jira sati uku, ku rubuta ya mutu ku sa hannu. Ni ban koyi wannan ba sai da wata ta rasa aikinta, ni kuma na ci fanshona cikakke.